Baba Jaji da Allurar Bature

A zuriyarmu ba a yi ɗan tauri kamar Baba Jaji ba, ƙanen kakana. Wuƙa ba ta cinsa, haka aka ce, kuma duk wanda ya yi musu sai ya tuɓe riga ya miƙa masa wuƙar. Ko masallaci za shi, akwai wuƙaƙe a ƙugu, wata a damtse, ga warwaron ƙarfe a hannu, duk a ƙarƙashin babbar riga. Abin da ya mallaka a duniya fadama ce guda da ya gada, a gefen garinmu, arewa da Dutse kan hanyar Jahun. Da rani albasarta ce ke riƙe gidansa.

Ba a daɗe da zuwan Turawa ba rikicin iyaka ya tashi tsakaninmu da mutanen Kafin Albarka, maƙwabtanmu na gabas. Aka turo wani Bature da tafintansa. Dagatai biyu suka amince a tashi daga babbar kuka a miƙe arewa sak har rafi, yamma tamu, gabas tasu. Kowa ya san fadamar Baba Jaji tana yamma, amma da ƙyar.

Baturen yana da wani ɗan gwangwani mai gilashi da allura a ciki, kamfas ke nan. Yau ɗan firamare ma zai gaya maka cewa duniyar nan kanta maganaɗisu ce, tana da wani ja da ido ba ya gani, shi ke juya allurar ta fuskanci arewa ko a tudu ko a teku. Zai kuma gaya maka cewa in ƙarfe ya matso kusa, allurar takan bar arewa ta karkata gare shi. A lokacin, a garinmu, babu wanda ya san haka.

Aka nemi mai riƙe wa Bature laima, kowa ya noƙe don tsoron abin da ke cikin gwangwanin. Baba Jaji ya fito. Yana matsowa allura ta yi rawa ta juyo wajensa. Baturen yana goge gumi bai lura ba, amma Baba Jaji ya gani sarai.

Da yamma ya gaya wa matarsa, Iya Hassana, "Ke, ƙarfen Nasara ma ya san ni. Rusunawa ya yi."

Ta ce, "To Malam, Allah ya sa gaisuwar alheri ce."

Da aka fara aiki sai ya zaɓi hagun Bature, ɓangaren fadamarsa, ya manne masa a kafaɗa don ya tare allurar kada ta yi can. Bature ya duba, ya nuna da hannu, a kafa turke. Allura kuwa tana bin wuƙaƙen da ke cikin riga, layi yana ta zamewa yamma kaɗan-kaɗan.

Baba Jaji ya ga turaku sun doshi fadamarsa, hankalinsa ya tashi. Ya yanke cewa shirin da ya yi ne bai isa ba. Kashegari ya ƙaro wuƙaƙen abokansa, ya rataya gatari a cikin riga, har da wata tsohuwar sarƙa da ya aro a maƙera. Yana tafe yana ƙara kamar jakin 'yan koli. Tafinta ya tambaye shi lafiya, ya ce sanyi yake ji. Ranar layi ya karkata fiye da jiya.

Nakan yi dariya in na zo nan, sannan tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da bai taɓa gudun kowa ba, ya tsaya cikin rana da nauyin ƙarfe yana gadin abincin 'ya'yansa, kuma da ya koma inuwa ya zauna da fadamar ta tsira.

Kafin a kai rafi, layi ya bi ta bayan fadamar ya bar ta a gabas. Dagacinmu ya yi ƙorafi, Bature ya ce allura ba ta da dangi a kowane gari. Da aka zo tara duwatsun shaida, Baba Jaji ne ya ɗauko manyan, don ya fi kowa ƙarfi. Dagacin Kafin Albarka ya ba wani Sale fadamar.

Baba Jaji ya koma noman gero a jigawa, da rani ya yi dako a kasuwar Jahun. Bai taɓa sanin abin da ya faru ba. Har ya tsufa yana cewa asirin mutanen Kafin Albarka ne ya fi nasa, da ya sami ƙarin wuƙa biyu da labari ya sha bamban.

Da ƙafa ta yi nauyi, yakan dogara sanda ya je ya zauna kan duwatsun nan. Wata rana jikokin Sale suna saran rake a fadamar, ɗayansu ya ga tsoho a rana, ya yanko masa guda.

"Baba, ɗanɗana ka ji. Ƙasar nan tamu ba ta da na biyu."

Baba Jaji ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Ba shi da haƙoran shan rake, sai ya riƙe shi a cinya.

Ya ce, "Can wajen gawon nan ruwa yakan kwanta. Ku ja masa hanya."