Jikan Baba Lasisi Kafinta

Duk tsufan nan da kuke gani, ranar da Baba Lasisi kafinta ya faɗo ofishinmu na Jimeta da jariri a kafaɗa ba ta fita daga kaina ba. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, duk takarda mai nauyi sai ta je Maiduguri ta dawo. Ni kuwa ƙaramin jami'in walwala ne, wato mu ake kawo wa rigimar iyali kafin ta kai gaban alƙali. Ƙa'idar aikin ita ce mu saurari kowa, mu gwada sulhu, in ya faskara mu miƙa wa kotu. Kuma a Jimeta, maganar da ta shiga kotu da safe, kafin la'asar tana bakin masu sayar da kifi.

Baba Lasisi mutumin Dahome ne, daga can bakin teku. Jirgin ruwa ya biyo ya hauro Binuwai tun zamanin Turawa, ya ga gari na neman ƙofofi da tagogi, ya zauna. Ɗansa Ra'ufu kuwa a nan aka haife shi, a Yola ya yi karatun allo, cikin Fulani ya tashi. In ba gaya maka aka yi ba, sai ka ce jikan wani modibbo ne. Ya auri Asta, Bafulatana 'yar unguwar Mbamoi ta Yola, Allah ya ba su ɗa namiji.

Tsohon ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Oga, rubuta! Ina ƙarar ɗana. Ya ƙi yaro."

Na ce, "Wane yaro, Baba?"

Ya miƙo min jaririn har hancina. "Wannan! Duba kunne. Kunnen wa? Nawa!"

Da ƙyar na zaunar da shi ya yi bayani. Ranar suna ya ɗauko makaɗa, ya ɗinka wa dangi anko, ya yanka rago biyu, aka nemi uban jariri sama da ƙasa aka rasa. Ashe yana ɓoye a ɗakin abokinsa a Alkalawa. An sa wa yaro Lasisi, amma har yau Ra'ufu bai furta sunan ba, sai dai "wancan". Kuma bai taɓa ɗaukarsa ba. Ya ce, "A garinmu in ka haihu sai ka ɗauki ɗa ka zaga unguwa kana rawa. Wanda bai ɗauka ba, yana gaya wa duniya ba nasa ba ne."

Wallahi sai da na cije leɓe. Na ce, "Baba, ai kunyar ɗan fari ce. A nan uba ba ya ɗaukar ɗansa na farko a gaban manya, ba ya kiran sunansa, balle kuma sunanka ne."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Kunya? Lokacin da ya yi yaron bai ji kunya ba, sai yanzu?"

Na fita na yi dariyata a bayan ofis, sannan na kai wa shugabana, Mista Yohanna, rahoto. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Umaru, in wannan ta je kotu, abin da za a ji shi ne ana shakkar uban yaro. Mutanen Mbamoi ba za su tsaya jin bayani ba. Za su ɗauke 'yarsu, yaron kuma ya tashi ana nuna shi da baki. Ka kashe ta a nan." Nan take dariyar ta bushe mini.

Na kira su ranar Alhamis. Asta ta zo da goggonta, wata doguwar tsohuwa mai suna Goggo Nenne, riƙe da zani a naɗe. Ta ajiye shi a kan teburina ta ce, "Na ɗaure kaya ne. In aka sake furta maganar da na ji, da 'yata zan kwana a Mbamoi."

Ra'ufu ya ƙi kujera, ya durƙusa a ƙasa ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ka gani? Ko idona ba ya kallo. Yaron kirki kwanciya yake rub da ciki ya gai da ubansa, wannan sai tsugunno kamar mai cin tuwo."

Na ce bari in gama da tambaya ɗaya. "Ra'ufu, yaron nan naka ne?"

Ku yaran yanzu, kada ku taɓa yin wannan wauta. Ina tambayar mutumin da ya sha tarbiyyar Fulani, a gaban ubansa da surukarsa, ya buɗe baki ya ce "ɗana ne"! Ya yi ta zane da yatsa a siminti, gumi na zuba, can ya ce, "To... haka dai ake cewa."

Tirƙashi! Baba ya dafe kai ya kurma ihu da yarensu. Ya sunkuci jaririn ya dangwara shi a cinyar Ra'ufu, shi kuwa ya ɗaga hannu sama kamar an ɗora masa tukunya daga murhu. Asta ta juya fuska bango. Baba ya ce, "Matarsa ma ba ta son yaron!" Goggo Nenne kuwa sai gyaɗa kai take tana cewa, "Barkalla. Yara masu kunya." Amma da ta fahimci abin da tsohon yake nufi da ihunsa, sai ta miƙa hannu ta ɗauki zaninta. Na ga auren yana shirin mutuwa a kan teburina.

Na miƙe na ce, "Tsaya, Goggo! Dokar ofis ce, sai na ji ta bakin manya a keɓe." Babu wata doka irin wannan, a take na ƙera ta. Na tura Asta famfo ta wanke zanin goyo, na shimfiɗa jaririn a tabarma, na ce wa Ra'ufu ya jira. Na ja tsofaffin biyu muka zaga bayan ofis, inda tagar katako take. Tagar nan Baba Lasisi ne ya yi ta da hannunsa, kuma tun da aka kafa ta ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Na nuna musu tsagar, na sa yatsa a baki.

Jariri ya fara kuka. Ra'ufu ya dubi ƙofa, ya leƙa baranda, ya dawo. Sai ga shi ya sure yaron ya manna a ƙirji, yana shafa masa kai, yana cewa, "Lasisi, Lasisina, waye ya taɓa min kai?" Yaro bai yi shiru ba. Kai jama'a! Sai mutumin nan ya saki kafaɗa, ya karya ƙugu, ya shiga rawar mutanen bakin teku, yana rera wata waƙar reno da yaren ubansa, yaren da ya yi shekara da shekaru yana cewa ya manta.

Goggo Nenne ta rufe fuska da mayafi. "Subhanallahi! Rawa yake?"

Baba bai ji ta ba. Hawaye na bin gemunsa, yana bin waƙar a hankali. Ya raɗa mini, "Ni na yi masa ita. Uwata ta yi mini." Ni kaina sai da na share ido, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin in riƙe shi ya zaga da gudu ya banko ƙofa. Cikin ƙiftawar ido jariri ya koma tabarma, Ra'ufu ya durƙusa yana kallon siminti, kafaɗarsa na haki. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Oga, goge ƙara. Ban ga komai ba." Goggo ta maƙale zaninta a hammata ta ce ita ma ba ta ga komai ba, kuma ba ta fatan ta sake gani.

Mista Yohanna ya tambaye ni me zan rubuta a rahoto. Na ce, "An sasanta." Ya ce tagar fa, a kira kafinta ya gyara? Na ce a bar ta haka.

Abin da na koya ke nan: mutanen da ke zuwa wurinmu ba duka ne ke neman hukunci ba, wasu so ne ya yi musu yawa, kowa yana nuna shi irin na garinsu. Wani lokaci aikin jami'i shi ne ya kwashe mutane daga ɗaki. Bayan wata biyu Asta ta zo awon yaro ta ba ni labari. Ta ce kullum da hantsi Baba sai ya ɗauki hularsa ya ɗaga murya, "Na tafi kasuwa, zan daɗe!" Sannan ya zaga bayan zana ya tsaya, ya sa ido a tsaga. Ra'ufu ya sani sarai, amma bai taɓa fasa rawar ba.