Hannun da Ban Ɗaga Ba

A shekarar da aka zo ƙauyenmu neman yaran da za a kai boko, babanmu ya ɗauke ni cak ya zura ni cikin rumbun gero, ya mayar da murfi. Ƙauyen namu yana ƙasar Gwiwa, bayan duwatsu. A wancan zamani dagaci kan sa kowane babban gida ya ba da yaro guda, kuma ba mai ba da wanda ransa ke so. Ina cikin rumbu, ƙaiƙayi na cin jikina, na ji an fito da 'yar gwaggona, marainiyar da ake riƙo a gidanmu, tana kuka tana kirana. Ita aka bayar. Ni aka ɓoye, don ni ce 'yar gata.

Haka aka yi, haka kuma ta kasance. Ita ta tafi, ni na zauna. Ta gama firamare, ta wuce makarantar kwana ta 'yan mata, ta zama malama, ta zama shugabar makaranta, ta yi aure a Kazaure, suka gina gida a gindin dutse. Ni na yi aure inda aka yanke mini cibiya, na haifi na haifa, na aurar da na aurarwa, na binne waɗanda Allah ya karɓa. Duk garin Malama suke ce mata. Ni ban taɓa ba. Taubashiyata ce, ita 'yar mace, ni 'yar namiji, don haka baiwata nake kiranta, ita kuma ta ce mini 'yar ƙauye. In magana ta zama ta gaske, sai ta ce Yaya.

Allah bai ba ta ɗa mai rai ba. Mijinta ya rasu, ciwon suga ya shiga cin idonta a hankali, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Da na ji haka ban yi shawara da kowa ba. Ɗakin Innarmu, wanda muka kwana cikinsa ni da ita muna yara, na sa aka sake masa yaɓe, aka canja kwanon da ke yoyo, aka yi daɓe. Na sa katifa, na kafa randa a bakin ƙofa inda hannunta zai kai ba sai ta lalluba ba. Sannan na aika mai kai mana hatsi Kazaure ya gaya mata an gyara ɗakin Inna. Ya dawo ya ce ta ce madalla, Allah ya sa albarka. A wurina magana ta ƙare: na kira, ta amsa. Abin da ya rage in je in ɗauko ta, ta ƙarasa kwanakinta a hannuna.

To, su waɗannan matan da suka yi makarantar kwana tare suna da wata al'ada. Duk shekara, bayan Babbar Sallah, sukan taru a gidan ɗayarsu, kowa ta faɗi abin da ya same ta tun rabuwa. Wadda ba ta zo ba, wadda ta san labarinta ta faɗa a madadinta. A shekarar nan taron ya faɗo gidan baiwata. Ta aiko in zo in tsaya mata a kan tukunya. Na ce faɗuwa ta zo daidai: in dafa musu, su watse, washegari in tafi da abata. Na ɗaure zogale da man shanu, na hau babur zuwa bakin titi, na shiga mota.

Da hantsi suka fara sauka, wasu a mota, wasu a adaidaita sahu. Tsofaffi ne kamata, da furfura, da ciwon gwiwa, da tabarau. Amma da sun haɗa ido sai su saki ihu kamar 'yan mata a bakin rijiya.

"Ke ɓarauniyar ƙanzo! Har yanzu kina nan?"

"Ina nan, ban mutu ba sai na ga kin biya ni sabulun da kika ara!"

"Ku ji ta, haƙori ya zube baki bai mutu ba."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Wadda ta yi musu shugabar ɗalibai a da, wata doguwa mai murya kamar ta namiji, ita ce har yanzu ke tsawatar musu. Ba sa bin girma ko arziki wajen magana. Yadda gadajensu suke jere a ɗakin kwana, daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, haka suke bi, kuma ba wadda ta manta maƙwabciyar gadonta. Ni ina bakin madafa ina turara dambu, kunnena na wurinsu.

Ta bakin ƙofa ta ce ta ajiye aikin asibiti, yanzu kaji take kiwo a Roni, kuma kajin sun fi marasa lafiya taurin kai. Ta kusa da ita ta ce ɗanta likita ya kai ta Umra, ta dawo da sanyin ƙashi. Wata ta ce autarta ta zama lauya, gidan ba a iya musu da kowa yanzu. Wata ta ce miji ya rasu da azumi. Aka yi addu'a, aka matsa kusa da ita. Da aka zo kan wani gado, shugabar ta ce mai shi ta riga mu gidan gaskiya, sai maƙwabciyar gadonta ta ba da labarin jinyarta tun daga farko, har da abin da ta ce a gaya musu. Suka yi kuka, suka share hawaye, suka tuna yadda take minshari, suka fashe da dariya.

Ba motocinsu ne suka tsaya mini a rai ba. Na ga mota, na ga zinariya, ba sa hana kowa shiga kabari. Abin da ya tsaya mini shi ne kowace a cikinsu tana da inda za ta kai labarinta a saurara. Ni ma ina da labari a shekarar. Jikata ta haifi tagwaye. Saniyata da aka ce ba za ta tashi ba ta tashi. Wa zan gaya wa? Mu da muka yi gaɗa a dandali ɗaya, aure ya watsa mu kamar an watsa tsaba. Wata an kai ta ƙetaren iyaka, wata Daura, wata ban san inda ta faɗa ba. Da yawa sai bayan an yi sadakar arba'in nake jin sun mutu. Ba mu da gado a jere. Ba mai kiran sunanmu a ce ina wance.

Sai kuma dariyarta. Baiwata tana tsakiyarsu, ido ba ya gani, amma tana wata irin dariya har tana dukan cinya, dariyar da ban san tana da ita ba. Ni na yi mata kitso, ni na raka ta ɗakin miji, ni na zauna da ita a takaba, amma wannan dariyar ba ta taɓa yi mini ita ba. A gefenta akwai wata 'yar gajeruwa daga Babura, tsohuwar nas da ke sayar da atamfa yanzu. 'Yar ɗakinta ce ta makaranta: tana ƙarama ita ke yi mata wanki da ɗebo ruwa, baiwata kuma tana kare ta daga manya. Anti take ce mata. Ita ke gyara mata mayafi, ita ke sa mata kofi a hannu. Duk sanda ta taɓa ta sai in ji kamar an taɓa mini ƙurji.

Gadon baiwata a ƙurya yake, don haka ita ce ta ƙarshe. Na ɗauko faranti na fito, na tsaya daga baya.

Ta ce, "Ni nawa labarin gajere ne. Idon ya tafi. Likita ya ce kada in ƙara zama ni kaɗai. Shekaranjiya na zuba kananzir a shayi."

Ba wadda ta yi dariya. Shugabar ta gyara zama ta ce, "To jama'a, ba za mu tashi mu bar ta haka ba. Duk wadda ke da wuri a gidanta, kuma za ta iya, ta ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Mai kajin Roni ta ɗaga. Uwar lauya ta ɗaga. Ta Babura ta ɗaga nata har tana miƙewa a kan gwiwa.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Ban san cewa su a wurinsu da hannu ake yanke magana ba. Na ɗauka kara ce suke nunawa, irin wadda baƙo kan yi, in sun gama a gode musu a juyo ga dangi. Kuma a ina aka taɓa ɗaga hannu a kan jinin mutum? Abin da yake naka ba ka tsayawa cikin taro kana nuna shi da yatsa.

Shugabar ta hango ni da faranti. Ta ce, "Hajiya, ke ce 'yar'uwa. Me kika gani?"

Na ba ta amsar da uwata ta koya mini, wadda duk mai kunya zai bayar. Na ce, "Ai ku ne manya. Duk abin da kuka yanke daidai ne."

A ƙauyenmu in ka faɗi haka sai a ce haba, a sake tambayarka, a matsa maka, sannan ka fito da abin da ke ranka kamar an tilasta ka. Na tsaya ina jira a matsa mini. Sai matar nan ta ce, "To madalla," ta juya.

Baiwata ta ɗaga fuska ta ce, "Su wa suka ɗaga?"

Aka faɗa mata su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai ta lalubo hannun ta Babura ta riƙe. Aka yi fatiha, aka shafa. Aka ce a kawo abinci, na kawo. Suka ci suna yaba dambun.

Bayan la'asar, da gidan ya yi sarari, na sami baiwata a ɗaki zaune a bakin gado.

Ta ce, "Yaya, ba ki ɗaga ba."

Na ce, "Ke tunkiya ce a kasuwar Gwiwa da zan ɗaga hannu a kanki? Ban aiko miki an gyara ɗakin Inna ba?"

"Kin aiko an gyara ɗaki. Ba ki aiko in zo ba. Na zaci wata jikar za ki saka."

"Sai na faɗa? Ni da ke?"

Ta ce, "Gidan da aka taɓa miƙa ni ga dagaci, sai an faɗa."

Na ce, "To yanzu na faɗa. Tashi ki haɗa kaya."

Ta girgiza kai. "Na amsa a gaban jama'a, an shafa fatiha. Yarinyar nan ta riga ta buga waya a share ɗaki. Ba zan kunyata ta ba."

Yarinya! Mace mai jikoki. Na ce ita ba za a kunyata ba, ni fa? Ta ce in miƙo mata carbinta, na miƙa mata. Washegari mota ta zo daga Babura, ni na ɗaure mata kayan da hannuna, na koma gida ni kaɗai.

Bayan an yi girbi na shirya na je duba ta. Ba zan ɓoye ba, laifi na je nema. Na same ta a ɗaki mai fanka, an yi mata lalle, ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi. Na duba farcenta, a yanke. Na shafa zanen gado, ba ƙura. Na ɗanɗana miyarta, ba gishiri da yawa, yadda likita ya ce. Na buɗe kanta in ga kitso, sabo ne, kuma ya fi nawa kyau. Jikokin gidan suna shigowa suna ce mata Kaka, tana gane kowa da tafiyarsa. Na zauna ina neman abu guda da zan riƙe in ce kin gani, da a wurina ne da ba haka ba. Ban samu ba.

Ta ce, "'Yar ƙauye, kin yi shiru. Ko fankar ce ta ba ki tsoro?"

Na ce, "Baiwa ta samu wuri."

Muka yi 'yar dariya, ba irin waccan ba.

Ta Babura, mai gidan, ta leƙo da fara'arta ta ce, "Anti, baƙuwarki za ta kwana ne in sa a gyara mata wuri?"

Na ce a'a, na bar awaki ba mai ba su dusa. Ta rako ni har bakin titi, ta riƙe mini jaka, mace mai kirki, ba abin da ta yi mini. Ta ce, "Hajiya, kada ki damu. Duk abin da ake ciki zan riƙa aiko miki da labarinta."

Kuma tana aikowa, ba ta taɓa fashi ba. Muryarta kan zo a wayar babban ɗana, ya kawo mini har ɗaki ya kunna. Anti ta ci abinci sosai. Anti ta haddace wata sura. An kai Anti taron bana a Roni, ta ba kowa dariya. Kullum labarin alheri ne. Nakan saurara har ƙarshe, in ce alhamdulillahi, don abin faɗa ke nan. In ya ce ko a sake kunna mini, sai in ce a'a, na ji.