Muryar Inna Dije a Faifan Ɗan Brazil

A ƙauyenmu na bayan Maska, in an gama karyar masara, kakata Inna Dije kan hura wuta da totuwa bayan magariba, mu jikoki mu zagaye ta, muna turbuɗa dankali a toka. Dokarta guda ce: ba ta rera waƙar tatsuniya ita kaɗai. In ta rera muka yi shiru, sai ta haɗe rai.

"Au, bebaye na tara? To kowa ya kama gabansa, na fasa."

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar da ɗan maraƙinta ya ɓace a daji. Tana tafe tana kiransa da waƙa, tsuntsaye na yi mata amshi, amshin ne ke nuna mata hanya, har ta tsince shi a bakin fadama. Mu ne tsuntsayen, kuma har muryarmu ta dushe muke yi.

Wata shekara kawunmu ya kawo wani Bature mai rikoda. Ya ɗauki tatsuniyar, ya sha fura, ya tafi, muka manta da shi.

Bara ɗana Sani ya dawo hutu daga Zariya, ya miƙo mini wayarsa. "Baba, ji faifan kiɗan jaz na wani ɗan Brazil. Akwai wata waƙa kamar Hausa."

Kiɗa ya tashi a hankali, sai ga muryar Inna Dije, har da ɗan tarin nan nata. Na kasa kunne in ji mu, babu mu. An yanke amshinmu kaf, an cusa busar ƙaho a gurbinsa. Na ce Sani ya duba suna. Wai "wata tsohuwa daga Afirka".

Wata tsohuwa! Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin ya iya kiɗa, ban hana shi ba. Amma sai yanzu na gane nufin Inna Dije: waƙar ba ta mai rerawa ba ce shi kaɗai, har da masu amsawa. Shi kuwa ya bar ta tana kira a duniya, ba suna, ba jikoki.

Mu ma da namu sakacin, don tun rasuwarta ba wanda ya sake hura wutar. Jiya na ji jikata Hauwa tana rera waƙar maraƙin wurin wanke-wanke. Na ce, "Waƙar wa kike yi?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ta Brazil ce, Kaka."