Jarka ta Biyu

Shekarar da sojoji suka koma bariki ita ce shekarata ta ƙarshe a sakandare. Gari ya ɗauki zancen siyasa, ni kuwa ba abin da ke gabana sai kiredit a kemistiri. Harhaɗa magunguna nake son karantawa, kuma in babu kiredit ɗin nan ko ƙofar jami'a ba za a nuna mini ba. Babana, wanda ke aiki a masaƙa a Kakuri, ya riga ya baza labari tun daga wurin aikinsu har coci cewa 'yarsa ce za ta riƙa ba su magani in sun tsufa. Ban taɓa hana shi ba, don ni ma ina ji da kaina.

Abin da na fi taƙama da shi firaktikal ne. Akwai aikin da ake ba mu: a cika wani dogon bututun gilashi mai awo, da muke kira buret, da asid, a riƙa ɗiga shi cikin wani ruwa a kwalba har launin ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Da ya juya sai ka rufe, ka karanta yawan asid ɗin da ya tafi, ka rubuta. Ɗigo ɗaya ya wuce, ka ɓata rawarka da tsalle. Ni hannuna ba ya rawa. Har a gida nakan huda leda in cika ta da ruwa ina koyon tsayar da ɗigo, mamata tana cewa ilimi ya fara taɓa mini kai.

Ranar jarrabawa mun yi wa ɗakin gwaji yawa, aka raba mu biyu. Ina cikin rukuni na biyu. Muna jira a baranda muka ga asid ɗin farko ya ƙare, malaminmu ya ɗauko wata jarka ya haɗa sabo cikin gaggawa. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

Kafin mu shiga, wata lamba ta riga ta zaga kunnuwa: ashirin da huɗu da rabi. Wai ita ce lambar Malam. Na yi nawa awon, na maimaita, na sake maimaitawa, kowane karo yana tsayawa kusa da ashirin da biyu. Ƙawata da ke gefena, 'yar wani Inyamuri mai sayar da kayan mota, ruwanta ya riga ya koma ja wur don ta saki asid kamar famfo. Ta matso ta ce in rubuta ta Malam kawai. Na watsa mata harara.

“Ke kin cika taurin kai,” in ji ta. “Na you sabi,” wato ke kika sani.

Na rubuta abin da na gani, na fito ina tausayin sauran.

Bayan 'yan makonni na je Barnawa wurin ƙanwar babana. Ita ma kemistiri take koyarwa a wata makaranta, kuma duk shekara tana cikin masu makin jarrabawar. Na same ta da tulin takardun wata jiha a kan tebur, da jan biro a hannu. Na zauna ina ba ta labarin yadda aji guda suka kwafi lamba ni kaɗai na auna. Yabo nake jira. Sai na ga ta ajiye biron.

Ta tambaye ni ko Malam ya sake yin nasa awon bayan ya haɗa jarka ta biyu. Na ce ban gani ba, yana haɗawa aka kira mu ciki. Sai ta yi mini bayani a hankali. Mai maki ba ya ɗakin gwaji ranar jarrabawa, bai san ƙarfin asid ɗin kowace makaranta ba. Saboda haka malamin makaranta ne ke yin awon da kansa ya aika da lambarsa tare da takardun ɗalibai, da ita ake gwada ta kowa. Wanda ya zo daf da ita ya kwashe maki. Wanda ya yi nisa ya rasa. In an sake haɗa asid, ƙa'ida ita ce malami ya sake awo ya aika da lamba ta biyu. In bai yi ba, shi ke nan.

Na ce, “Anti, amma tawa ce daidai.”

“Na yarda,” in ji ta. “To wa zai tambayi jarkar?”

Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara mini wani. A sanina kiredit yana da iyakarsa, kamar layin da aka shata a ƙasa, ka tsallake ka wuce. Ta ce ba haka ba ne. Sai an gama maki, manya sun zauna sun duba yadda ɗaliban shekarar suka yi gaba ɗaya, sannan a yanke inda layin zai tsaya. In an sha wuya a sauko da shi, in maki ya yi yawa a ɗaga. Wato duk makin da masu kwafi suka samu a banza yana iya taimakawa a ɗaga layin da ni zan tsallaka. Na daɗe ina kallon jan bironta. Ban taɓa jin tsoro da haushi sun haɗu mini haka ba. A bas ɗin komawa Kakuri har na wuce inda zan sauka.

Da sakamako ya fito, kemistiri ya tsaya mini mataki ɗaya ƙasa da kiredit. Ba zan rantse cewa makin awon nan ne kaɗai ya kayar da ni ba, don ba a nuna wa kowa takardarsa. Amma ƙawata mai jan ruwa ta samu nata, ta zo har gida tana ba ni haƙuri, kuma da gaske take. Babana bai yi faɗa ba. Ranar Lahadi dai ana tashi daga coci ya bi ta ƙofar baya, shi da ya saba tsayawa gaisawa har rana ta take.

Na yi rajistar jarrabawar ƙarshen shekara, wadda masu maimaitawa ke yi. Na koma kan ledata da ɗigon ruwa, na ce wannan karon ko da wace jarka aka zo a shirye nake. Sai da na sayi tsofaffin tambayoyi na ga yadda nasu firaktikal ɗin yake. Ba asid, ba kwalba, ba ɗakin gwaji. Lambobin suna nan a kan takarda, wani ya riga ya auna, naka ka kwashe ka yi lissafi.

Na zauna a zauren jarrabawa na kwashe su yadda aka ba ni. A nan na samu kiredit ɗina.