Ranar Da Na Zauna A Kan Katifar Maman Safiya

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da wata Asabar a garin Bowie na jihar Maryland, can ƙasar Turawa, ba. Lokacin ni ne shugaban leburori a wani ƙaramin kamfanin kwasar kayan gida a Wheaton. Shugaban mutum biyu fa, kuma duk sun fi ni Turanci. Aji uku na yi a firamare, shi ma malamin ne ya fara gajiya.

Ƙa'idar aikinmu, mai kaya ya zaga da mu ya nuna abin ɗauka, mu yi lodi. Ba a tambayar dalili. Ni kuwa bakina ba ya zama.

Wadda ta kira mu nas ce 'yar Zariya, Maman Safiya. Ta nuna gado, kujeru, tukwane.

"Ina za mu kai su, 'yata?"

"Germantown, Baba, wurin ƙawata. Maigidan ya sake ni."

"Yaran fa?"

"Da su zan tafi. A falo za mu riƙa kwana."

"Shi ya ce ki fita?"

"Sai an ce? Wadda aka saka ai kayanta take kwashewa."

A can gida ƙasarmu haka ne. Amma na sha kwashe kayan masu rabuwa a Maryland, na ji suna cewa gidan da aka saya cikin aure kowa na da haƙƙi a ciki, ko sunan wa ke takarda. Alƙali kan bar mai riƙon yara a gidan zuwa wani lokaci, ya yanka wa uban kuɗin ciyarwa.

Na ce, "Ni ba lauya ba ne, sunana ma da ƙyar nake rubutawa. Amma gadon nan ba zai motsa ba sai kin ga lauya."

"Baba, mutane za su ce na liƙe inda ba a so na."

"Mutanen za su ba yaranki ɗaki?"

Na zauna daram a kan katifar. Oga, mai kamfanin, ya bugo waya yana ihu: "Malam Iro, mota na tsaye tun ɗazu!"

"Oga, bayana ne ya riƙe."

Ya san ƙarya nake. Ya dakatar da ni daga aiki na ɗan lokaci, na sha barci.

Ita kuwa ta ga lauya. Da aka je kotu, alƙali ya bar ta da yaranta a gidan, ko makaranta ba su canza ba.

Ku yaran da kuka shigo aikin nan, ku ji. Mutanenmu sun tsallako teku da al'adar gida a ka, wani kunya ce ke kira masa motar kwasar kaya, ba son ransa ba. Kafin ku ɗaga gado, ku tambayi inda yara za su kwana.