Hannun Guduma da Kunnen Tsinke

Guduma tana da saurin hannu, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Duk wanda ya zo neman fitowa a shirinta na barkwanci, abin da take fara faɗa masa ke nan: "Ni fa ba na marin wasa. In ka ga hannu ya tashi, sauka zai yi."

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Da buga takardu ta fara a gidan talabijin, har ranar da wani masinja ya taɓa ta a kan bene, ta sheme shi, ta zauna a kansa tana kwaikwayon kukansa. Ma'aikata suka yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan aka ba ta fili. Ita ke rubuta wasan, ita ke fitowa a matsayin matar gida. Mijinta a wasan wani ramammen mutum ne da ake kira Tsinke, kuma shi ya sha hannunta fiye da kowa.

Idan ta raba takardun wasa, wurin duka ba ta rubuta komai sai "Nan zan yi abina." Tsinke ba ya sanin da me za a zo masa, ko ludayi, ko takalmi, ko bokiti. Cewa take tsoron da aka yi wa gwaji ba ya ba kowa dariya. Gaskiyarta ce. Zare idon da Tsinke ke yi na gaske ne, shi ya sa yara ke kwaikwayonsa a titi.

Wata rana ta zo da murfin tukunya na ƙarfe, ta kwaɗa masa a kunnen hagu. Ya ji ƙarar ta tsaga masa kai, ya yi tangaɗi ya faɗa cikin baho, jini na bin wuyan rigarsa. Mai kyamara bai tsaya ba. Wannan wasan ne mutane suka fi so. Likita ya ce kunnen hagu ya mutu, na daman ma ya taɓu, mari ɗaya mai kyau zai kurmantar da shi. Ɗan wasan da ba ya jin abokin maganarsa kuwa aikinsa ya ƙare.

Tsinke ya same ta a ɗakin kwalliya ya faɗa mata.

"Yaya, saura min ɗaya."

"To ba ka iya kaucewa ba ne? Ga ka kamar sandar rake, amma nauyin jiki kamar buhu."

Ba ta ba shi haƙuri ba. Amma daga wannan ranar, dukan da take masa ya koma gadon baya da ƙafafu. Ba wanda ya lura sai shi.

Bayan shekaru wani matashin darakta ya ɗauke su su biyu a fim. Ba ita ta rubuta ba. Akwai wurin da ɗan daba zai ritsa Tsinke a lungu, aka kawo wani ƙato mai tafin hannu kamar faranti. Daraktan ya ce ya yi marin gaske, a kunne.

"Ranka ya daɗe, a bar kunnen nan," in ji Tsinke. "Shi kaɗai ke aiki."

"Baba, ai don shan mari muka ɗauko ka. Wace fasahar gare ka bayan ita?"

Aka kunna fitilu. Ƙaton ya shaƙe masa wuyan riga, ya ɗaga hannu, Tsinke ya runtse ido. Sai ya ji ƙas, ƙaton ya kurma ihu ya sake shi. Guduma ce ta sauke masa kujerar ƙarfe a damtse. Ta juya kan daraktan, ta zubar masa da haƙoran gaba, ta bi shi da ƙafar kujerar har cikin wayoyin fitilu. Ma'aikata suka taru suka danne ta a ƙasa, wani ya taka mata wuyan hannun dama da takalmi har ƙashin ya ɓalle. Tana kwance ƙura a bakinta tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, har da iyayensu. Tsinke ya ji kowane zagi sarai.

Ta yi kwanaki a tsare. Hannun ya warke a karkace, kuma ba wanda ya sake yarda ya tsayar da ita gaban kyamara. Rubutu ta ci gaba da yi, sai dai alƙalami ba ya riƙuwa. Tana zama a damar Tsinke tana faɗa, yana rubutawa, in ya yi kuskure ta mintsine shi da hagu. Haka suka tsufa, wasu na fitowa a wasanninta.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, 'yan wasa suka cika ɗakin, wasu da tabon hannunta a jiki. Suna jiran ta nemi gafara. Sai ta nuna Tsinke da karkataccen hannun.

"In za ku yi masa magana, ku zagayo ta dama. Kuma kada wani ɗan banza ya sake ɗaga masa hannu. Ni kaɗai ke dukansa, ni kuma na gama."