Daƙiƙa Bakwai da Na Yanke wa Inna Mai Iri

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da abokin aikina mai ɗaukar sauti, kwamfuta a jakata, kyamara a tasa. Ba mu kai tasha ba saƙo ya sake shigowa wayata daga mutumin da ya ba mu kwangilar fim ɗin da ya jawo wannan tafiya. Ya ce hotunan nan mallakarsa ne, in na kuskura na nuna wa wani abin da ba a sa a fim ba, ni da aikinsa har abada. Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ce wa direba a ba mu kujerar gaba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni edita ne. Wasu ke zuwa su ɗauko hoto, ni kuma in zauna a ɗaki mai sanyi in yanka in haɗa. Wajen ƙarshen damina aka kawo min hotunan da aka ɗauko a wani ƙauye a yankin Kwandiko ta Gwaram, aka ce a yi gajeren fim a kan yunwa, wanda zai taɓa zuciya. Na kuwa taɓa ta. A ciki akwai wata dattijuwa zaune ta rafka tagumi, sai hoton rumbunta wayam, sai murya tana cewa ta cinye har irin shuka. Fim ya zaga wayoyi, aka yi ta yabo, ni ma kaina ya yi ta girma.

Makon jiya sai ga kira daga 'yar dattijuwar, malamar firamare ce. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Malam, an ce min kai ne mai yankawa. To ka yanka uwata." Ashe Inna mai iri ake ce wa tsohuwar. Duk kaka ƙauyukan kusa ke kawo mata ajiyar irin dawa da gero, don rumbunta ƙwari ba sa shiga, in ruwan farko ya sauka kowa ya zo ya karɓi abinsa. Bana kaka ta yi, ba wanda ya kawo mata ko zangarniya ɗaya. Na nesa sun ce ta cinye iri, wa zai ba ta amana? Na kusa, da suka san tana da hatsi, sun ce ta yi ƙaryar yunwa ne don a ba ta tallafi. Tun da fim ɗin ya fito ba ta sake taka kasuwa ba.

Hanya daga Kano zuwa Wudil ba laifi, sai dai kuɗin mota da ya hau har direban da kansa yana faɗa yana kawar da kai. Wata baiwar Allah a kujerar baya ta hango rigar makirufo ɗin abokina, mai gashi-gashin nan, tana leƙowa daga jaka, ta tambaya ko zomon na sayarwa ne. Ya ce mata ai wannan zomon jin magana kawai ya iya. Mota ta ɗauki dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Birnin Kudu, manyan duwatsun nan nata suka tare mu tun daga nesa. A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai, ƙosan da zafinsa, yajin kuma ba na wasa ba. Daga nan muka canza mota zuwa Gwaram. Hagu da dama dawa ce ta nuna ta sunkuyar da kai, ga riɗi an yanka an jingina shi tsaye yana bushewa. Sai na kama kaina ina yin aikina da tagar mota. In na tsayar da ido a kan wata bukka da ta rushe, ga garin talauci. In na ɗan juya, ga damman gero jibge a bayanta. Wuri ɗaya ne, bambancin kawai inda na ga dama in kalla.

A Gwaram muka hau acaɓa, hanya ta koma ta rairayi, abokina na ta salati yana rungume da zomonsa. Malamar ta tare mu a ƙofar gida, ta shigar da mu. Abin da ya fara kashe min jiki shi ne tsayin Inna. A fim 'yar mitsitsiya ce, abar tausayi. A zahiri doguwa ce, sai da na ɗaga kai kafin na kalli fuskarta. Mai kyamarar da ya ɗauko hoton fim ɗin ne ya tsaya a kanta tana zaune ya ɗauko ta daga sama, kuma kowa aka ɗauka haka sai ya ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta sa aka kawo mana ruwa da fura. Muka sha.

Bayan azahar muka taru a zauren mai unguwa, don a can ne hasken rana ba zai kashe fuskar kwamfutar ba. Malamar ta riga ta aika ƙauyukan kusa, zaure ya cika, mata suka tsaya ta ƙofar ciki. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, na san ko wane ne, na kashe ta gaba ɗaya. Na fara nuna musu fim ɗin yadda suka san shi. Sannan na ce, yanzu ga abin da kyamara ta gani kafin in sa masa hannu.

Tagumin nan ba tagumi ba ne. Waya ce a kunnen Inna ƙarƙashin mayafi, tana magana da ƙanwarta a kan ganyen darbejiya da za a kawo mata. Ni na cire muryarta, na zuba goge mai sanyi a wurin, irin wanda ko tuwo ka nuna da shi sai an yi hawaye. Na rage launin hoton har koren gona ya koma toka-toka. Da muryar ta dawo, aka ji Inna tana yi wa ƙanwar tata tsiya tana ƙyalƙyala dariya.

Sai rumbu. Kowa a zauren nan ya san kafin sabon hatsi ya shigo ana kwashe rumbu, a share, a yi masa sabon yaɓe, a turara, a shimfiɗa toka da darbejiya. Ranar da Inna ke wannan aikin aka ɗauki hoton. Kyamara ta leƙa ciki ta ga wayam, ta yi daƙiƙa bakwai tana juyawa dama, sai ga buhunan hatsinta jere a ƙarƙashin rumfa. Waɗannan daƙiƙa bakwai su na yanke. Ban san al'adar ba, gaskiya ne, amma buhunan na gan su da idona, kuma na san abin da nake yi.

Wani dattijo mai keke da ya zo daga maƙwabcin ƙauye ya ce, "To ɗan nan, wa ya ce ta cinye iri?" Na ce, Baba, wani ne a Kano ya karanta daga takarda, bai taɓa taka garin nan ba. Ya ce, "Kai kuma ka ɗora maganar a kan fuskarta?" Na ce ni na ɗora. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Ya tashi ya ja kekensa ya tafi.

Na juya zan ba Inna haƙuri, ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Ajiye haƙurinka. Da hoto ka ɓata ni, da hoto za ka gyara. Ɗauko abin naka." Muka bi ta har gindin rumbu, jama'a na biye. Na durƙusa zan ɗauke ta daga ƙasa, yadda muke yi in muna so mutum ya fito da kwarjini. Ta ce, "Me kake nema a ƙasa? Wancan ya mai da ni almajira, kai kuma za ka mai da ni sarauniya? Tashi ka sa ta daidai idona." Ta kalli abokina ta ce kada a sa mata kiɗan makoki, kada a sa kowane kiɗa ma. Ta ce kuma in na fara, kada in tsaya sai ta ce.

Ta hau tsani ta buɗe rumbun, ta nuna hatsinta na bana. Ta nuna gefen da take ware wa ajiyar mutane, a share, an shimfiɗa toka, ba komai a kai. Ta yi bayanin yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana gona. Akuya ta ratsa ta gabanmu, wata mata ta yi atishawa, hannuna na ta ƙaiƙayi in yanke, na daure.

Ana cikin haka sai ga dattijon nan ya dawo a kan kekensa, da ɗan damin dawa ɗaure a baya. Ya shigo cikin hoton kai tsaye, ya sauke a gabanta ya ce, "Ga ajiyata, Inna." Mutum ɗaya ne tak, ba zan ƙara muku gishiri ba. Na zaci za ta yi kuka, har na fara matso da hoto kusa da idonta, halin sana'a. Ina! Ta ciri zangarniya ɗaya, ta murza, ta sa ƙwaya a haƙori ta ciza. Ta ce, "Bai bushe ba, Malam. So kake ka jawo min ƙwari? Mayar ka shanya kwana uku ka dawo." Ya ce to, ya sake ɗaurewa a keke. Sai a lokacin ta dube ni ta ce, "Yanzu kashe."

La'asar sakaliya muka kamo hanya, da ƙullin gyaɗa da malamar ta tura mana a jaka. A Birnin Kudu na kunna waya, na tarar da abin da na sani: an karɓe aikin, har da wanda aka yi mana alkawari nan gaba. Na nemi afuwar abokina don shi ma ya shafe shi, ya ce in rufe masa baki in miƙo gyaɗa. Ba zan ce ban ji zafi ba, ina da iyali. Amma ko yau aka mayar da ni bakin tashar nan da saƙon a hannuna, motar zan shiga.

Mun iso gida lafiya. Abin da na koyo shi ne, shekara da shekaru ina gaya wa kaina kyamara ce ke magana, ni gyara kawai nake yi. Ƙarya nake yi wa kaina. Inda aka tsayar da ita, sautin da aka cire, wurin da aka datse, duk maganar mutum ce, kuma a kan wani take sauka. Daga yau in kuka ga fuska a fim da kiɗa mai sanyi a ƙarƙashinta, ku tambaya me ke gefen dama da ba a nuna muku ba.

Hoton Inna na sa shi a shafina yadda aka ɗauke shi, da akuyar da atishawar. Wasunku sun rubuto cewa ya yi tsawo, ba kiɗa, a ɗan rage. Ba zan rage ba, wanda ya gaji ya wuce. Ɗazu malamar ta kira ni ta ce dattijon ya dawo da daminsa a bushe, maƙwabcinsa na biye da shi da nasa. Inna ta ciza, ta karɓa.